Cin Abinci a Ƙololuwar Bene: Dubai, Makka, Alƙahira ko Gwanzu?

Bazazzagen da ya fita waje a 'yan shekarun nan, ko Umara ce ta kai shi, ko saro kaya, ko ganin likita, ko karatun digiri na uku, da wuya ya dawo ba a kwaɗaita masa hawa wani dogon bene ya ci abinci yana kallon gari daga sama ba. Abin yana jan ranmu, domin a Zariya ba mu da irinsa. Dogon ginin da muke nuna wa baƙo shi ne na Sanet a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, shi kuwa ofisoshi ne. Mai son ganin birni da rimayensa daga sama sai ya hau Kufena da ƙafarsa, da gorar ruwa a hannu. To idan mutum ya samu kansa a garin da lif zai ɗaga shi mita 400 cikin minti guda, a ajiye masa faranti a gaban taga, ba laifi ba ne ransa ya biya. Abin dubawa shi ne a wane gari, a wane hawa, kuma shin cin abincin ya kamata ko hawan kaɗai ya wadatar.

A ganina, abin da ake sayarwa a can sama taga ce da lokaci, abinci rakiya ya yi. Wanda ya gane haka zai ga hanya uku ce a gabansa. Ko ya sayi tikitin kallo ya hau ya sauko ya ci abincinsa a ƙasa, ko ya kama tebur a gidan abincin da ke saman, ko kuma ya nemi wani bene da bai kai wancan tsawo ba amma yana fuskantarsa. Kowane gari da hanyar da ta fi dacewa da shi.

A fara da Dubai, tunda hotunanta sun fi yawo a wayoyinmu. Burj Khalifa an buɗe shi a watan Janairun 2010, tsawonsa mita 828, har yau babu ginin da ya kamo shi a duniya. Ƙofa biyu ke kai mutum sama, kuma da yawa ba su san ba ɗaya ba ce. Ta farko ta masu tikitin kallo ce, ana shiga ta cikin kasuwar Dubai Mall, a bi layi, lif ya kai ka hawa na 124 da na 125, wajen mita 452 daga ƙasa. Wanda ya biya fiye da ninki biyu ana kai shi hawa na 148, mita 555, a tarbe shi da gahawa da dabino, layinsa ma daban. Sama da nan akwai wurin shan shayi da abin taɓawa a hawa na 152 zuwa 154. Ƙofa ta biyu ta gidan abincin At.mosphere ce, a hawa na 122, mita 442. Ita ba ta cikin kasuwa ake bi ba, ta ɓangaren otal ɗin Armani ce, kuma sai an kama wuri tun kafin a zo.

Duba lissafin da kyau: hawa biyu kacal ke tsakanin gidan abincin da wurin kallo. Abin da ido zai gani kusan ɗaya ne. Bambancin kuɗin yana saya maka kujera, da kaucewa layi, da tsira daga turereniyar masu ɗaukar hoto, waɗanda da yamma sai ka yi haƙuri kafin ka samu gurbi a jikin gilashi. Sai dai gidan abincin yana da mafi ƙarancin kuɗin da kowane mutum ɗaya zai kashe, kuma teburin bakin taga farashinsa daban. Wanda aka zaunar a tsakiyar ɗaki, ƙeyar waɗanda suka riga shi kama wuri zai yi ta kallo, alhali ya biya kuɗin Burj Khalifa. Girkin kuma irin na Turawa ne, ya fi karkata ga na Faransa: faranti mai faɗin faifai, a tsakiyarsa ɗan naman da bai fi ɓarin goro ba, a ɗauke a kawo wani. Yana da daɗi, ba a musu. Amma magidancin da ya saba da malmala biyu na tuwo da dare, idan ya sauko sai ya nemi mai shinkafa.

Ga kuma maganar da wasu ba sa son a yi. Ana sayar da giya a wurin, da dare ya yi kuwa ɓangarensa ɗaya mashaya ce sosai, da kiɗa. Naman Dubai galibi halal ne, na alade sai da lasisi kuma ana rubutawa a jiki, amma girkin Faransa yakan zuba giya a miya, don haka sai an tambaya. Wanda ya je da iyali, ko ya raka wani dattijo, karin kumallo ko shayin la'asar ya fi masa. Wurin ya fi natsuwa a lokacin, kuɗin ma sau da yawa ba ya yin nisa da na tikitin hawa na 148, ga shi a zaune. A duba ƙa'idar shekarun yara kafin a kwaso su, domin ba kowane lokaci ake barinsu shiga ba. Shiga ba matsala ba ce gare mu: kaftani da hula da rufaffen takalmi cikakkiyar shiga ce a ƙasashen Larabawa, gajeren wando da silifas ne ake mayarwa.

Akwai aibi guda da kuɗi ba ya gyarawa. Daga cikin Burj Khalifa ba a ganin Burj Khalifa. Kuma tsawon ya yi yawa har gari ya baje, benaye masu hawa 50 su koma ƙanana, mota ta zama ɗigo, mutum kuwa ba a ganinsa sam. Ruwan da ke tsalle da kiɗa a tafkin da ke gindin benen kowane rabin awa da yamma, daga sama ba ka jin sautinsa, ba ka kuma ganin tsayinsa. Shi ya sa ga mai son hoton tunawa, hanya ta uku ta fi a Dubai: otal ɗin Address Sky View yana da wurin kallo a hawa na 52 da na 53, da gidan abinci a samansa, duka suna kallon Burj ɗin ido da ido. Wanda bai damu da tsawo ba ma, gidajen abincin Souk Al Bahar da ke bakin tafkin sun ishe shi. Duk wannan kuwa sai an samu biza. An daina bai wa 'yan Najeriya ita a 2022, aka dawo da ita a watan Yulin 2024, jirgin Emirates ya koma Legas a watan Oktoba na shekarar, amma sharuɗɗan ba su koma sauƙin da 'yan kasuwar Sabon Gari suka sani a da ba.

Makka daban take, kuma ita ce mafi yawanmu za su fi saurin zuwa. Benen Agogo da ke tsaye a ƙofar Harami tsawonsa mita 601, an kammala shi a 2012, a gurbin tsohuwar ganuwar Ajyad ta Turkawa da aka rushe a 2002. Kowace fuskar agogon faɗinta mita 43. A can ƙololuwa akwai gidan tarihin agogo da taurari da aka buɗe wa jama'a a 2019, da baranda a ƙarƙashin agogon inda ake leƙo Harami gaba ɗaya. Babu giya, babu shakkar nama, babu tunanin inda za a yi salla. Abin kallon kuma ba jerin benaye ba ne, ɗawafi ne: farin da'ira tana juyawa ba tsayawa, dare da rana. Duk wanda ya tsaya a barandar nan ya san ba irin kallon Dubai ba ne.

Amma a nan ma wurin kallo daban, wurin ci daban. Gidajen abincin suna cikin otal-otal ɗin da ke rukunin benayen, irin su Fairmont da Swissôtel da Pullman Zamzam, a hawan da ke ƙasa da agogon nesa. Wannan ba rashi ba ne, domin daga nan Ka'aba ta fi fitowa sosai, har kana iya bambance sahu. Abin kiyayewa shi ne yaren 'yan otal: akwai taga mai kallon gari, akwai mai kallon Harami, akwai mai kallon Ka'aba, kuma uku ne daban-daban. Mai kallon Harami kan iya zama farfajiyar waje da hasumiyoyi kawai. Wanda zai biya, ya ambaci Ka'aba da bakinsa, a nuna masa teburin. Abincin yawanci na ɗebi-da-kanka ne, shinkafar Larabawa da gasasshen rago da girkin Indiya da na Turkiyya, wanda ya fi kusa da cikinmu a kan na Burj.

Wa ya kamata ya biya wannan? Ba saurayi mai ƙafa ba. Shi ya hau baranda ya gani, ya sauko ya ci a ɓangaren abinci na kasuwar da ke ƙasan benen, ko ya gangara Misfala ko Shara Mansur inda 'yan uwanmu ke tuƙa tuwo. Wanda ya dace da teburin nan shi ne wanda ya tafi da tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda cunkoso ya hana ta zama a gaban Ɗaki yadda ranta ke so. Ya ce mata, "Hajiya, yau a nan za mu karya," ya zaunar da ita a bakin taga awa biyu da shayinta da carbinta. A duk wuraren da na lissafa babu inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu kamar nan. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne a sayi buɗa-bakin otal a goman ƙarshe na azumi. Farashi kan yi tashin gwauron zabo, kuma mutum ya bar shan ruwa da dabino da zamzam a cikin Harami ya koma kallon masu yi ta gilashi. Lif ɗin benen ma idan an kusa kiran salla sai ka ga ya zo a cike sau uku a jere. Akwai masallatai a cikin benen da ake bin limamin Harami ta lasifika, malamai kuwa sun yi saɓani a kan hakan, don haka wanda ba ya son shiga saɓani ya hau tsakanin Azahar da La'asar ko bayan Isha'i.

Idan an ce in zaɓi guda don kallon gari tsantsa, da kuɗin malamin makaranta, Alƙahira zan ce. Hasumiyarta gajera ce a kan sauran, mita 187, an gama ta a 1961 zamanin Jamal Abdul Nasir, a tsibirin Jazira da ke tsakiyar Kogin Nilu, an saƙa jikinta da siffar furen bado. Gajartar tata ita ce ribarta. A wannan tsawo gari bai mutu ba: kana ganin jiragen ruwa masu filafilai a kan Nilu, da cunkoson motoci a gadar Ƙasrun Nil, da dandalin Tahrir, da ganuwar Salahuddin da masallacin Muhammad Ali a kan tudu ta gabas. Idan sama ta washe, ana hango dalar Giza ta kudu maso yamma. Barandar saman a buɗe take, ba gilashi, saboda haka idan magariba ta yi kiran salla yana taso maka daga ko'ina a lokaci guda. Ƙasa da barandar akwai gidan abinci mai juyawa, yana cika zagaye cikin wajen minti 70.

Juyawar nan ba ado ba ce kawai. Ita ce ke raba gardamar da ke damun mai zuwa sauran wurare, wato ina taga ta fuskanta. Kafin ka gama cin abinci gabas da yamma duk sun wuce ta gabanka. Ba don girki ake zuwa ba, gaskiya, kuma baƙo yana biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa, da yamma kuma layin lif yana da tsawo. Iyalan da suka kai mara lafiya asibiti suka samu yini ɗaya na sarari, ko uban da ya je duba ɗansa a Azhar, za su iya hawa su sha shayi, su sauko su ci koshari, haɗin shinkafa da taliya na Misirawa, a gari da kuɗi kaɗan. Wanda kuma ya fi son tsohon birni da hasumiyoyin masallatansa, ya tafi lambun Azhar da aka buɗe a 2005. A kan tudu yake, yana da gidajen abinci masu kallon ganuwar Salahuddin, babu lif babu tsoron tsawo. A guji watannin Oktoba da Nuwamba in da hali, lokacin da hayaƙin ƙona karan shinkafa daga gonaki kan haɗu da na gari ya rufe sama.

Gwanzu ta ƙasar Sin, wadda ake kuma kira Kanton, ba ta buƙatar dogon bayani: a hau, kada a ci. Hasumiyar Kanton da ke bakin Kogin Lu'ulu'u ta kai mita 600, an buɗe ta a 2010 gab da wasannin Asiya, tana da baranda a buɗe a mita 488, da gidajen abinci masu juyawa sama da hawa na 100. Da dare hasken benayen da ke tsallaken kogi abin gani ne, ko Dubai sai ta yi da gaske. Amma ɗakin girkin ba na Musulmi ba ne, alade kuwa a girkin ƙasar Sin ba nama kaɗai ba ne, yana shiga mai da romo. Ɗan kasuwar da ya sauka a unguwar Shawbe ya riga ya san gidajen abincin Musulmin ƙasar masu koren allo, sai ya ci a can kafin ya hau jirgin ƙasa. Masu zuwa baje-kolin Kanton su sani zangon Oktoba ya fi na Afrilu sararin sama, domin Afrilu damina ce a can, kuma ana rufe barandar waje idan hadari ya taso.

Malaman jami'armu na Samaru da Kongo da ke karatu a Maleshiya suna da nasu zaɓin a Kwala Lamfur, kuma darasin Dubai ne ya maimaita kansa. Tagwayen benayen Petronas, mita 452, ana hawa gadarsu a hawa na 41 da wurin kallo a na 86, amma daga ciki ba ka ganin su biyun a tsaye. Hasumiyar KL, mita 421, a kan tudu take, tana da gidan abinci mai juyawa, kuma daga nan ne tagwayen ke fitowa cif, tare da Merdeka 118 wanda shi ne na biyu a tsawo a duniya yanzu. Daga hasumiyar nan ma ake duban jinjirin watan azumi. Ruwan sama a can ya fi sauka da la'asar, sai a lissafa da shi. Wanda Umararsa ta bi da shi Riyad yana da gadar Kingdom Centre a hawa na 99, ko gidan abincin da ke cikin ƙwallon gilashi a saman benen Faisaliyya, inda ake kallon ita Kingdom ɗin. A gida kuwa, mai zuwa Legas zai iya gwada gidan abincin da ke saman otal ɗin Eko, mai kallon teku. Tsawon bai kai na waɗancan ba ko kusa, amma ba biza, ba canjin dala.

Maganar lokaci ta shafi dukkansu. Kowa zai ce maka ka hau saura awa guda rana ta faɗi, ka ga gari da rana, ka gan shi da almuru, ka gan shi an kunna fitilu. Haka ne, shi ya sa ma a Burj Khalifa tikitin wannan lokacin ya fi tsada. Sai dai magariba na faɗowa a tsakiyar zaman, mu kuma da muka tashi a mazhabar Malikiyya mun san lokacinta ƙurarre ne. A hau da alwala, a tambayi wurin salla tun a ƙofa, domin tikitin kallo ba ya barin a sauka a dawo. Mai azumi kuma ya san rana na jinkirin faɗuwa ga wanda ke sama. A 2011 malaman Dubai sun ce wanda ke sama da hawa na 80 a Burj Khalifa ya ƙara minti 2 kafin ya sha ruwa, na sama da hawa na 150 ya ƙara 3. Wanda ba ya son wannan lissafi ya hau da hantsi ko bayan Isha'i. Na dare yana da nasa cikas: fitilun cikin ɗaki na dawowa a jikin gilashi, ka ɗauki hoto ka ga fuskarka da ta mai kawo abinci maimakon gari. Baranda ta fi tebur a wannan fanni, in babu ita kuwa sai a manna waya a jikin gilashin a kashe filasha.

Hazo kuma ba sai an yi wa Bazazzage bayani ba, mun san yadda hunturu ke ɓoye gaban mota a hanyar Kano. Dubai tana da nata daga Yuni zuwa Satumba, ƙura da gumin teku, sai ka hau mita 452 ka ga fari fat. Tikitin da aka saya da wuri ya fi araha amma ba a cika mayar da kuɗinsa don yanayi ba, shi ya sa wanda ke da kwanaki a gari gara ya dubi sama da safe sannan ya yanke shawara.

Saura takardar kuɗi, inda ake yawan yin zuru. Dirhamin Dubai a ɗaure yake da dala, 3.67 ne dala ɗaya, riyal kuma 3.75, don haka lissafin ba wuya: a raba, a buga da farashin dala na ranar. Abin da ke rikita mutane ƙari ne. Gidajen abincin otal a Dubai suna da kashi 10 cikin 100 na hidima, da 7 na hukumar birni, da 5 na haraji. Wasu sun riga sun haɗa a farashin da ke rubuce, wasu sai a ƙarshe, ana rubuta hakan da ƙananan haruffa a gindin takardar abinci. A Saudiyya harajin kashi 15 ne tun 2020. A Masar 14 ne, ga na hidima da kan kai 12. A Maleshiya idan ka ga alamar ƙari biyu a gaban farashi, hidima da haraji ba su shiga ba tukuna. Ruwan sha ma ba kyauta ba ne: idan aka tambaye ka wane iri kake so, kwalba ce za a buɗe a rubuta maka. Kama tebur kuma kusan ko'ina sai da kati, katin naira kuwa yana da iyakar abin da zai biya a waje, wani lokaci ya ƙi gaba ɗaya. A tanadi na dala, ko a sa ɗan uwa mazaunin can ya kama da nasa, kuma a tabbata kalmar "bakin taga" ta fito a rubuce a saƙon da suka turo, domin shi za a nuna a ƙofa.